Furfura da Rini: Bashin da Ake Biya Duk Wata



Wani zai ce me ya haɗa zauren da galibin mutanen cikinsa ba su cika shekara talatin ba da maganar furfura. Abin da ya haɗa su shi ne, kusan kowa a nan yana ƙarƙashin ikon mai furfura, ko wanda ya ɓoye ta: shi ke duba takardar jarrabawarmu, shi ke sa hannu a fayil ɗin ƙarin girmanmu, wani lokaci kuma shi ke zuwa zance wurin ƙanwarmu da kai baƙi wuluk kamar an tsoma shi a marina. Daɗin daɗawa, in Allah ya ja kwana, nan da shekara goma sha biyar madubi zai yi mana irin tambayar da ya yi masu. Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, yau gemun ne da kansa za mu yi magana a kai.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ƙarƙashin fata, don wanda bai gane wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa rini ba ya ƙarewa ba. Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000. Kowane sili yana da ɗan raminsa a cikin fata, a gindin ramin nan ne kuwa ake ƙera shi, a nan kuma waɗansu ƙwayoyin halitta ke zuba masa launin da masana ke kira melanin. Da zarar silin ya leƙo waje, aikinsa ya ƙare: ba jini a cikinsa, ba jijiya, shi ya sa wanzami ke yanke shi ba mu ji zafi. Watau gashin da ya fito baƙi ba ya rikiɗa ya koma fari. Abin da ke faruwa shi ne, sili yakan yi shekara biyu zuwa shida yana tsawo, sa'an nan ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. In ƙwayoyin launin ramin sun ƙare, wanda zai fito sai ya fito ba launi. Furfura ke nan. Ba farin fenti aka shafa mata ba, baƙin ne ya yanke.

Lokacin da wannan ke somawa galibi gado ne. In kana son sanin naka, dubi mahaifinka da kawunanka. Turawa sukan soma tun suna tsakiyar shekarunsu na talatin, mutanen Asiya kusa da arba'in, mu baƙaƙen fata kuwa sai wajen arba'in da biyar, don haka likitoci ke ɗaukar furfurar da ta zo mana kafin talatin a kan ta yi gaggawa. Ɗalibin da ya ga haka, kafin ya nufi kanti neman kwalin rini, ya fara nufar asibiti, domin ƙarancin bitamin B12 da ciwon maƙoƙo suna cikin abubuwan da kan jawo ta, an kuma daɗe da lura ta fi saurin kama masu shan taba. Amma mafi yawan lokaci likita zai duba ya ce lafiya lau, gadon gida ne.

Iyayenmu kan ce wahala da tunani suna sa furfura, masu ilmin zamani suka daɗe suna yi wa maganar kallon camfi. A 2020 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa tsananin firgita yana sa jijiyoyi su saki wani sinadari da ke ƙarar da ajiyar ƙwayoyin launi a ramin gashi, in kuwa ta ƙare ba ta dawowa. A 2021 waɗansu a Jami'ar Columbia suka bi silin gashin mutum 14 ɗaya bayan ɗaya, suka tarar akwai silin da ya yi fari a lokacin ƙunci, ya koma baƙi daga tushe bayan hankalin mai shi ya kwanta. Mutum 14 ba yawa ba ne, kada wani ya je ya ce mun ce hutun ƙarshen shekara maganin furfura ne. Amma dai tsofaffi ba su faɗi ƙasa ba.

Yanzu ga inda lissafi ya shigo. Gashi yana ƙaruwa da misalin santimita ɗaya a wata, namu ma ya ɗan gaza haka. Rini kuwa iyakarsa abin da ke waje, ba ya isa gindin ramin da ake ƙera gashin. Saboda haka daga daren da aka rina, farin ya soma turowa. A kwana goma ya yi kusan milimita uku, abin da ido ke iya gani sarai a kan baƙar fata da baƙin gashi. A mako huɗu ya zama layi. Wanda ya ƙudura ba za a ga layin nan ba, sai ya rina kamar sau 13 a shekara; in ya soma yana da 45 ya ci gaba har ya bar aiki yana da 60, ya zauna gaban madubi da buroshi kusan sau 200. Ba ma cewa wannan laifi ne. Muna cewa bashi ne wanda ba a gama biyansa, kuma ya kamata mai ci ya san haka tun ranar da zai sa hannu.

Mu maza abin ya fi yi mana tsanani, ko da yake mata aka fi yi wa ba'a. Wanda ke yin aski ƙasa-ƙasa duk mako biyu, tsawon gashinsa kaf bai wuce abin da ke tsirowa a mako biyu ko uku ba, don haka wanzami na kwashe rinin, tushe na turo farin, ya zama ana zuba ruwa a kwando. Gemu da saje su ne masu tona asiri, domin hula ba ta rufe su, ga shi kuma ana wanke su sau biyar a yini. Mata kuwa kitso ne ke ba da su: makitsiya na tsaga gashi tana shimfiɗa tushensa a fili, layi bayan layi, kuma gaban goshi da gefen kunne, inda furfura ta fi son somawa, nan ne ɗankwali ya fi zamewa.

To, me za a yi a tsakanin rini da rini? Abu na farko da muke roƙo shi ne a daina rina kai gaba ɗaya kowane zagaye. Rinin kwali irin mai daɗewa yana aiki ne da amoniya, ko wani abu mai kama da ita, wadda ke buɗe ɓawon silin, da faroksaid wanda ke ƙone launin da ke ciki ya kuma dafa sabon. Duk sanda aka maimaita a wuri ɗaya, silin na ƙara rauni, gashinmu kuwa da ma mai bushewa ne, mai saurin karyewa a inda ya lanƙwashe. A shafa wa sabon tsiro kaɗai, a bar na bisa ya huta. Wadda ke sa man miƙar da gashi kada ta haɗa shi da rini rana ɗaya, ta bari a ƙalla mako biyu su shiga tsakani. Da yawa daga cikin matan da gaban goshinsu ya zube, ba tsufa ba ne ya kwashe shi, haɗin nan ne da matsattsen kitso. Na biyu, akwai abubuwan rufin wucin gadi, hoda da feshi da wani mai kamar jan baki, waɗanda ke zama a bayan silin su fita da wanki ɗaya. Sun fi sauƙi ga fata, sun isa su kai mutum taro ko biki, sai dai gumin watan Afrilu ba ya raga masu, kuma sukan bar shaida a bakin hula da matashin kai. Mai salla ya kula da bambancin da malamai ke yi tsakanin launi, wanda ba ya hana ruwa taɓa gashi, da abu mai kauri da ke rufe shi. Irin na biyun sai an wanke shi kafin wanka na ibada. Na uku, kuma wannan dabara ce da masu gyaran gashi suka sani: baƙi ƙirin shi ya fi kowane launi fallasa farin tushe. Wanda ya sassauta zuwa ruwan ƙasa mai duhu yakan sami ƙarin mako guda ko biyu kafin layin ya yi tsawa. Ban da haka ma, kai baƙi wuluk a bisa fuskar ɗan sittin ba ya ruɗin kowa, sai dai a yi shiru don kunya.

Akwai wani abu da ya fi kwalliya muhimmanci, a nan muke so mu ɗan daɗe. Rinin zamani ba tsohon abu ba ne. A 1907 wani masanin haɗa magunguna a Faris, Eugène Schueller, ya soma sayar wa masu gyaran gashi rinin da ya haɗa, daga nan kamfanin L'Oréal ya samo asali. Ƙashin bayan galibin baƙaƙen rini har yau wani sinadari ne da za ku ga an rubuta sunansa da haruffa uku a jikin kwali, PPD. Shi ke sa baƙin ya kama ya daɗe, shi ne kuma ke sa fatar waɗansu ta yi bore. Abin tsoro a sha'aninsa shi ne, mutum na iya shekara goma yana shafawa lafiya, ran nan jiki ya ƙi shi, fuska ta kumbura har ido ya rufe, kai ya yi ta tsattsafo da ruwa. In kuwa jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi ke nan har abada. Ƙasashen Tarayyar Turai sun ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa rinin, ba su kuma yarda a zana shi a fata ba. Mu kuwa a nan, abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, wanda ake zana wa amare da ƙananan yara ranar salla, sau da yawa wannan sinadarin ne, ba awo ba ƙa'ida. Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi cikin rabin sa'a. Yarinyar da aka yi wa zanen dayis tana da shekara bakwai, hannunta ya yi ƙuraje aka ce ba komai, ita ce za ta rina kai tana da arba'in ta kwana a asibiti. Likitocin Sudan da Maroko sun yi shekaru suna ba da rahoton mutanen da suka mutu bayan sinadarin ya shiga cikinsu, waɗansunsu yara ne da suka same shi a ajiye: maƙogwaro ya kumbura numfashi ya tsaya, ko ƙoda ta daina aiki. Abin da ke iya yin haka bai kamata a ƙulle shi a leda a bar shi a kan taga ba.

Saboda haka gwajin nan da aka rubuta a takardar cikin kwali, wanda ba mai karantawa, a shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu a jira sa'a 48, ba ƙa'idar Turawa ba ce ta ɓata lokaci, kuma kowane zagaye ake yi, ba sau ɗaya ba. A sa safar hannu. A duba lambar NAFDAC, abin da aka auno a cokali a kasuwa ba suna ba kwali a bar shi. Kada a kusantar da shi gira ko gashin ido, kada garin gyaran gira a rasa ido, wannan karon ba da karin magana ba. Akwai kuma wani irin man da ke baƙanta gashi sannu a hankali, wanda aka daɗe ana haɗawa da dalma. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke hukuncin hana wannan a 2018. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani.

Game da ciwon daji, gaskiyar magana tana tsakiya. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2019, wanda ya bi mata fiye da 46,000, ya tarar masu yin rini mai daɗewa sun ɗan fi kamuwa da dajin nono, bambancin kuma ya fi girma ainun a tsakanin baƙaƙen mata, musamman masu yi duk mako biyar zuwa takwas. Sai dai kowace daga cikin matan tana da 'yar'uwar da ta taɓa yin ciwon, kuma tafiya tare ba ita ce hujjar cewa wannan ne ya haifi wancan ba. Duk da haka, a ganinmu dalili ne isasshe na a tsawaita tsakanin rini da rini maimakon a gajarta shi.

Kakanninmu ba su jira Faris ba. Clapperton, Baturen da ya iso Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga mata suna shafa shuni a gashi da gira. Lalle kuwa launinsa kama jikin silin yake yi ya zauna, ba ya buɗe shi ba ya ƙone shi, ya mai da furfura ja. In aka bi bayansa da garin ganyen baba sai ya koma duhu, daga ruwan ƙasa har kusan baƙi. Garin ganye muka ce, ba ruwan karofi mai toka ba. Aikin yana cin sa'o'i, yana ɓata tufafi, kuma bai kuɓutar da kowa daga farin tushe ba, amma layinsa bai kai na kwali kaifi ba. Gargaɗi ɗaya: a nisanta lalle daga jarirai, domin akwai wani ƙarancin gado a jini, wanda likitoci ke kira G6PD, mai yawa a Afirka ta Yamma, da lalle kan iya fasa wa jariri mai shi ƙwayoyin jini.

Addini bai bar wannan fage ba, kuma ya fi yadda ake zato sassauci. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ranar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, an kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar kansa da gemunsa fari fat, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a sauya farin amma a nisanci baƙi. Sayyidina Abubakar ya yi rini da lalle haɗe da katam, wani tsiro na ƙasar Larabawa, Sayyidina Umar kuwa da lalle zalla. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawanmu muka karanta a zaure kafin mu zo nan, ta sa rini da baƙi a sahun makaruhi ba tare da ta haramta shi ba, ta kuma ce ba laifi a lalle da katam. Akwai malaman waɗansu mazhabobi da suka tsananta fiye da haka. An kuma hana tsige furfura. Ko ta fuskar likita ma tsigewar ba ta da amfani, don ba ta ninka ta kamar yadda ake faɗa, amma farin ne zai sake fitowa, ramin kuma ya raunana. Inda malamai ba su yi saɓani ba shi ne yaudara. Mutumin da ya baƙanta kai don iyayen yarinya su ɗauke shi ɗan arba'in alhali ya ba sittin baya, ba ado ya yi ba, algus ya yi, irin na mai zuba ruwa a nono.

Wannan ya kawo mu ofis. Ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya ita ce ma'aikaci ya sauka in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. An ɗaga wa farfesoshi zuwa 70 a 2012, malaman makaranta zuwa 65 a 2022, amma akawu da jami'in mulki suna nan a kan sittin. Kowa a zauren nan ya san akwai wani irin rini da ba a sayarwa a kanti, ana yinsa ne da takardar rantsuwa: a je a rantse an haifi mutum shekara biyar bayan ranar da uwarsa ta yi naƙuda. Wanda ya rina takarda kuwa dole ya rina kai, don kada kan ya ƙaryata fayil. Shi ma irin wannan rinin yana da farin tushensa. Takardar gama firamare tana nan a ƙasan fayil, sai mai bincike ya lissafa ya tarar maigida ya shiga aji ɗaya yana da shekara biyu, ko kuwa ya zama ƙanen ƙanensa. Kowace shekara da aka sata ta haka, kujera ce da ba ta buɗe ba, mutum biyar ko shida a ƙasa kowa ya tsaya cik a matakinsa, a can ƙarshen layi kuma akwai mai digiri da ba a ɗauka ba.

Amma kada mu yi saurin nuna tsofaffi da yatsa. Dokar bautar ƙasa ta ɗauke wa wanda ya haura 30 lokacin da ya gama karatu zuwa hidima, tallan neman ma'aikata kuma sau da yawa yakan ce kada mai nema ya wuce 26 ko 27, a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Ɗan talakan da ya shiga makaranta a makare, yajin aiki ya ci masa shekara biyu, ya fito ya tarar an rufe ƙofa da lissafin da ba shi ya jawo ba. Nan ne ake fara rage shekaru, tun ba a ga furfura ko ɗaya ba. Muna ganin ƙa'idar shekarun ɗaukar aiki irin wannan zalunci ce, kuma ƙungiyar ɗalibai ta fi dacewa ta yi yaƙi da ita a fili bisa ga kowa ya lallaɓa kotu ya rantse a ɓoye. Wanda ya rage uku yau yana da 28, zai kai 60 na gaskiya takarda na cewa 57, gwiwa na ciwo, ido ya raunana, ga sauran shekara uku na hawa bene da fayil a hammata, ga kuma wani yaro a ƙasa yana ƙirga masa kwanaki kamar yadda muke ƙirga wa na gabanmu yau.

Abin mamaki ne ƙasar da Janar Gowon ya shugabanta yana da 31 a 1966, Janar Murtala kuma yana da 36 a 1975, ta zama inda sai da aka gyara tsarin mulki a 2018 kafin ɗan shekara 25 ya iya neman kujerar majalisar wakilai. Muna girmama furfura a zaure, mu ba ta tabarma, mu ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A ofis da fagen neman aure kuwa mai ita ɓoye ta yake yi kamar abin kunya. Matan aure sun fi kowa shan wannan, domin namiji in ya yi fari a ce ya zama dattijo, mace in ta yi a ce ta tsufa, wani lokaci ma a soma yi mata zancen kishiya. Wadda ta rina don ta ji daɗin ranta ko ta faranta wa mijinta ba ta yaudari kowa ba, ba ma ganin hujjar mai yi mata dariya.

Saura wanda ya gaji yana son ya daina. Namiji sha'aninsa mai sauƙi ne: ya bari hutunsa na shekara ya zo, ya sa wanzami ya yi masa ƙwal, ya rage gemu ƙasa, bayan mako uku ya koma aiki da kansa na gaskiya. Abokan aiki za su yi magana kwana biyu, su tambaya ko ya yi jinya, sa'an nan su manta. Mace kuwa, tunda santimita ɗaya ce a wata, gashin da ya kai tsawon tafin hannu zai ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin tsohon rinin ya fita. A wannan tsakani za ta iya komawa irin rinin da ke kodewa da kansa bayan 'yan wanke-wanke, don iyakar fari da baƙi ta dushe, tana datse bakin gashin kaɗan-kaɗan duk sanda ta tsefe, ta kuma roƙi makitsiya ta sauya wurin tsaga ta sassauta hannu a gaban goshi. Furfura ta fi baƙin gashi bushewa da tauri, don haka tana son man kaɗanya fiye da da, hayaƙin icce da na turaren wuta kuma sukan sa ta yi rawaya in ba a wanke ta a kai a kai.

Malam Shugaban taro, mun ga akwai hannuwa a sama tun ɗazu, musamman daga layin malamai.